Ƙotar da Ban Ƙarasa Ba

Kwandiko, ƙasar Gwaram.

Zuwa ga Ɗanlami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kawunka Sale da mutanen gidansa baki ɗaya. Allah ya tsare ka daga wutar waldar nan da ka shiga koyo, ya tsare maka idanunka da yatsunka, ya haɗa ka da mutanen kirki a Birnin Kudu. Innarka tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci. Na ce mata wanda ya iya barin gida bai yi wa ubansa sallama ba ai ba zai kasa nemo tuwo ba. Ta harare ni, shi ya sa na isar da saƙon.

Na san za ka yi mamakin takarda alhali ga waya. To kai ma ka san halina. In ka kira, da na ji muryarka sai in ce lafiya lau, in miƙa wa innarka. Kai ne ɗan farina, ko sunanka na yanka ban taɓa kamawa ba. Haka na ga ubana ya yi da yayana, haka ni ma na tashi. Abin da bakina ya kasa, bari in gwada ko hannu zai iya.

Da hantsi nake rubutawa a ƙofar zaure, inda haske ya fi yawa. In ka ga baƙaƙen sun yi manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya, ga dalili. Idona na hagu ya tafi, na dama ma ya fara rufewa daga gefe. Malamin asibiti ya duba ya ce ba yana ba ce da ake cirewa, irin ciwon nan ne mai ci daga ciki, magani sai dai ya rage masa gudu. Ni na hana innarka ta gaya maka. Ban gaya maka yanzu don ka ji tausayina ba. Akwai guntun marken nan da na rataye a ɗakin girki, wanda hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin, wanda kuke tsokanata kuna cewa na ajiye wa gara abinci. Naka ne. Ina so in yi maka ƙota da shi tun ina ganin bakin gizago, kuma ba ta ƙarasuwa sai kana nan. Kai kuwa ka tafi da fushina, kuma da gaskiyarka.

Kafin in zo kan fushin, bari in ba ka abin da nake da shi. Gona ƙarama ce, ka gan ta. Abin da na tara a duniya sanin ƙota ne, shi ma yawancinsa ta hanyar ɓarna na same shi.

Ina saurayi nake ganin Baba, kakanka, ya cika nawa. Zai tsaya gindin marke yana kallon rassa kamar mai zaɓen mata. Reshen da yake nema shi ne wanda ya fito daga jikin uwar itacen, sai ya sare shi haɗe da ɗan tsokar jikin, domin a nan jijiyoyin itace suka sarƙe, nan ne zai zama kan ƙota. Kuma sai da rani yake sara, ruwa ya sauka daga jikin itace. Sannan ya rataye a hayaƙi, damina ta zo ta wuce, bai taɓa ba. Ni kuwa wata shekara da aka yi ruwan shuka, manoma suna rububin fartanya, na faki idonsa na shiga daji na saro ɗanyun rassa. Ɗanyen itace daɗin sassaƙa gare shi, gizago yana shiga kamar a cikin rogo. Na goge su sumul, na shafa musu mai, suka fi na Baba kyau nesa ba kusa ba. Kafin azahar sun ƙare a kasuwar Gwaram, nasa suna nan a shimfiɗe. Na dawo ina taƙama.

Ba a gama noman farko ba suka fara dawowa. Wata ta tanƙware, wata ta tsage daga kai har wuya, wata ruwan fartanyar yana rawa a ciki. Baba bai doke ni ba. Tara su ya yi a gabana ya ce, "Haruna, ɗauki ka kai wa uwarka ta hura wuta." Na kai. Ita ma ta ce ba sa ci, hayaƙi kawai suke yi. Ko wuta ta ƙi su.

Saboda haka kada ƙyalli ya ruɗe ka. A shagunan Birnin Kudu za ka ga ƙotoci jere an shafe su da jan fenti suna sheƙi. Ban ce dukansu na banza ba ne, amma itacen kirki bai cika buƙatar fenti ba, ɗan man kaɗe ya ishe shi. In za ka saya wa wani, ko za ka sa wa ƙarfen da ka haɗa, kankare fentin da farce ka ga abin da ke ƙasa. Ka duba jijiyar ta bi tsawon ƙotar tun daga kai har gindi, in ta karkace ta fita ta gefe, a nan za ta karye. In akwai ƙulli a wuya, ajiye ta. In ka ga 'yan ƙananan huji da gari yana zuba, ƙwaro ya riga ka. Ka ƙwanƙwasa ta a dutse. Busasshen marke amsawa yake yi da ƙara, ɗanye kuwa sai ka ji dum.

Labarin Malam Iliya na Maruta ka san shi, duk ƙasar nan an sani, amma ba ka taɓa ji daga gare ni ba. Kana rarrafe aka yi abin. Ni na yi masa ƙotar gatari, itacen kuwa ba laifi, ƙirya ce busasshiya. A wurin huji na yi ganganci. Ka san yadda muke yi, a gasa wutsiyar ƙarfen a riƙa cusawa sannu-sannu, a cire, a sake, har ta ci wa kanta hanya daidai jikinta. Ranar mutane sun yi min yawa, na bar ƙarfen ya yi ja sosai, na danna da ƙarfi don in gama da wuri. Wuta ta ci fiye da rabonta, ramin ya yi faɗi. Na gani, na miƙa masa gatarin a haka.

Bayan kwana biyu ya dawo ya same ni a rumfa, ya ce, "Malam Haruna, gatarin nan fa yana rawa."

Abin da ya kamata shi ne in kwaɓe shi in jefar da ƙotar in yi masa sabuwa. Amma na ji ƙyashin ƙiryar. Na ce, "Haba Malam Iliya, wannan ai ba komai. Ka tsoma kan a ruwa ya sha, zai kama."

Kowa yana yin haka a ƙauye, kuma yana kamawa ɗin. Itace ya kumbura ya riƙe ƙarfe gam. Abin da ba a faɗa shi ne in ya bushe yana komawa ya fi da saki. Ni na san haka, shi bai sani ba. Da bazara yana saran kututture a gonarsa, ya ɗaga gatari, ruwan gatarin ya kwaɓe ya yi sama, ya sauko masa a idon sawu. Har yau ɗingishin da kake gani ke nan. Na je gaishe shi yana kwance, ƙafa a naɗe, ƙuda suna bi. Ya ce, "Ƙaddara ce, Malam, kada ka sa a ranka." Na ce ƙaddara ce. A zuciyata kuwa na san wanda ya huda ramin. Abin da ya fi ci min rai, har gobe ni yake kawo wa fartanyarsa. In na hango shi yana jan ƙafar nan zuwa rumfata, sai in ji da ma zagina yake yi.

Kai yanzu ba huji za ka yi ba, liƙi za ka yi da wuta. Amma wurin ɗaya ne, inda ƙarfe ya haɗu da abin riƙo. In waldar ba ta kama ba, kada ka goge ka shafe da fenti ka ce za ta yi. Fasa ta ka sake, ko kawunka zai yi faɗa, ko mai kaya yana tsaye a kanka yana sauri. Zai tafi da ita inda ba ka nan, ya ɗaga ta bisa kansa, wataƙila matarsa tana tsugune a gefe tana tsince itace. Kuma in mutum ya dawo maka da aiki ya ce yana rawa, kada ka ba shi dabara. Karɓa ka gyara.

Sai maganar itatuwa, wadda ba na son tunawa. Lokacin da Baba ya rasu, bayan gonarmu marke ne da ƙirya da aduwa, har da kanya biyu a bakin kwari. Baba reshe yake ɗauka ya bar uwar. Ni na ga reshe bai isa ba, na riƙa kayar da itacen gaba ɗaya. Da masu gawayi suka zo da motarsu, na sallama musu ƙiryoyin, ina ganin daji ai ba ya ƙarewa. Ban dasa ko ɗaya ba. Innarka ta taɓa ce min, "Malam, in ka gama da su, da me yaron nan zai yi sana'a?" Na ce mata ta kula da tukunyarta. Yau ka ga wurin, fili fetal, ko inuwar da jaki zai tsaya babu. Da darbejiya nake aiki yanzu, ni da nake yi wa masu darbejiya dariya. Tana yi, ba ta kai ba. In na ji labarin marke sai an ce can wajen iyakar Bauchi, ni kuwa ƙafa da ido ba su kai ni. Guntun nan na ɗakin girki daga marke na ƙarshe na cire shi, ranar da na kayar da shi. Ko a lokacin wani abu ya ce min in ajiye.

To ka ga ke nan, ranar da ka kawo min gatarinka mai ƙotar bututun ƙarfe, ni ne mutum na ƙarshe a Kwandiko da ya kamata ya buɗe baki. Ka je wurin mai walda a Gwaram ka haɗa shi da hannunka, ka kawo shi rumfa a naɗe cikin buhu, fuskarka tana haske. Ka ce, "Baba, duba, wannan ba ta karyewa, gara ba ta ci." Mutane suna zaune. Na juya shi na ce wannan ai bututun famfo ne, a kai wa masu haƙa rijiya. Na jefar da shi ƙasa, aka kwashe da dariya. Ka juya ka tafi, ko gatarin ba ka ɗauka ba. Ba a jima ba kawunka ya aiko cewa yana da wuri a shagonsa, ka shiga motar kasuwa ina masallaci.

Ban san abin da ya hau kaina ba. Ko kuwa na sani. Na ga ɗana ya samo hanyar da ba ta bi ta kaina ba, a daidai lokacin da na fara laluben gizago a kan tabarma. Tsoro ne ya fito min ta baki a kamannin izgili. In wata rana ka zama mai shago, yaro ya kawo maka aikinsa na fari, ko ya karkace kamar ƙafar kare, ka ja shi gefe ku yi magana ku biyu. Abin da aka yi wa mutum a gaban jama'a ba ya goguwa a ɗaki.

Gatarin yana nan. Bayan tafiyarka na ɗauke shi na zagaya bayan gida inda ba mai gani, na faskara kututturen darbejiya da shi. Innarka ta leƙo ta katanga ta ce, "A'a, yau masu rijiya ne a gidan?" Na yi kamar ban ji ba. Ga abin da na gani, kuma ka karɓa daga wanda ya ƙare rayuwarsa a kan abin riƙo. Waldarka ta kama. Na doka iya ƙarfina, na duba da idon da ya rage, na shafa da yatsa, babu tsaga. Ban gaya maka a rumfa ba, ga shi na rubuta.

Amma akwai gyara. Itace yana shanye duka, ƙarfe kuwa miƙo maka shi yake yi. Kowane sara sai na ji shi har gwiwar hannu, na kwana biyu kafaɗa tana min tsami. Na bar shi a rana kaɗan, da na dawo ɗauka sai da na sake shi don zafi. Da gumi ya zo kuma sai ya fara zamewa. Ka nemi robar cikin tayar babur ka yanka ta siriri, ka naɗe wurin riƙo da kyau, za ta rage duka ukun. Ka toshe gindin bututun, ka ɗan buɗa shi yadda hannu zai sami wurin tsayawa. Kada ka yi amfani da bututu mai kaurin tsiya don a ce yana da ƙarfi, nauyi a kai ake son sa, ba a hannu ba. Kuma ka tuna yawancin masu faskare a gidaje mata ne. Abin da ƙato zai ɗaga yana dariya, tsohuwa zai karya wa ƙugu. Ka tambayi mai saye wa zai yi aiki da shi.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi jin nauyin faɗa. Ka sha ganin yadda nake yi in mutum ya zo. Ba na ba shi ƙota sai na kama hannunsa, na juya tafin, na ga inda kanta ta fito masa, na ga tsawon yatsunsa. Sannan in ba shi ya riƙe, in riƙa ragewa da wuƙa har babban yatsa ya taɓo na tsakiya ba tare da ya matse ba. In ta yi kauri hannu ya gaji, in ta yi siriri ta yi masa bororo. Da haka na san hannun rabin mutanen ƙasar nan. Ko a rufe min ido, wanda kuwa ana shirin yi, in aka miƙo min hannun Malam Iliya zan gane shi. Na san na liman, na san na Fulanin da ke saukowa da kaka, na san na innarka da ƙannenka mata, don ni na yi musu muciya da ƙotar lauje.

Da na sauko da marken nan na kakkaɓe hayaƙin, na zauna zan fara, sai na tsaya. Ban san hannunka ba. Na yi ta tunani, na kasa tuna ranar da na riƙe shi. Kana jariri kunya ta hana ni ɗaukarka a gaban mutane. Da ka fara tafiya, kawunka Sale ne yake riƙe ka zuwa idi. Da ka girma kana taya ni aiki, tsofaffin ƙotocina kake ɗauka, in nuna maka da baki daga nesa. Na tambayi innarka, ta ce, "Yatsunsa dogaye ne irin naka." Na ce wannan ba awo ba ne. Ta tashi ta shige ɗaki, na ji tana share hanci.

Ban ce kunyar ɗan fari mugun abu ba ce. Iyayenmu sun yi ta, sun kuwa so mu. Amma ni na fake a bayanta na ɓoye har abin da ba ta ce a ɓoye ba. In Allah ya ba ka ɗa, ka ƙi kiran sunansa in ka ga dama, amma ka riƙe hannunsa.

Tun farko don gizago na ajiye marken, shi ya sa na bar masa kai mai kyau, irin wanda Baba yake nema. Na so ranar da za ka gaje ni a rumfa in miƙa maka. Shekaranjiya na sa zarto na yanke kan. Ba zan ɓoye maka ba, irin wannan kan ba zan sake samu ba, kuma abin da aka yanke ba ya komawa. Mai walda ba ya buƙatar gizago, guduma yake buƙata, ita kuwa miƙaƙƙiyar ƙota take so. Na feƙe wuyan, na kai wa maƙeri ya ba ni kan guduma mai kyau, na sa, na buga mata ƙusar itace ta kama gam. Ko a wurin masu ƙarfe za ka ga gudumar da ake duka da ita wuni guda, itace ake sa mata, saboda hannu. Wurin riƙon ne kawai na bari da kaushinsa.

Direban da zai kawo maka takardar nan ya ce in ba shi har gudumar. Na ƙi. In na aiko ta haka, ba ta da bambanci da ta shago. Zan iya ƙiyastawa in rage, amma na gaya maka abin da gangancina ya jawo wa Malam Iliya, kuma marken ba shi da na biyu.

Ban ce ka dawo gida ka zauna ba. Zauna wurin kawunka, ka yi masa biyayya, ka koyi aikinka da kyau. Kada ka kalli wutar nan ba tare da baƙin gilashi ba ko sau ɗaya, ko kana ganin yaran shago suna yi, ka ji daga wanda ya san abin da ido yake. Ka riƙe salla a kan lokaci. Birnin Kudu ba nisa ba ce, mota tana zuwa kullum. Wuni ɗaya nake roƙo, ka zo da hantsi, lokacin da nake gani. Ba sai ka ce min komai ba, ni ma mai yiwuwa ba zan iya cewa komai ba. Ka zauna a zaure ka miƙo hannu, shi ke nan. Watan jiya ina hango tsamiyar bakin masallaci daga inda nake zaunen nan. Yau da na ɗaga kai, duhunta kawai na gani.

Allah ya yi maka albarka, ya kare ka a hanya da wurin aiki, ya sa kada wani ya taɓa jin ciwo ta dalilin abin da hannunka ya haɗa. Allah ya san sunan wanda nake yi wa addu'a ko ban faɗa ba. In ka zo na riga na daina gani, kada ka fasa shigowa, zan gwada da lalube, sai dai ba zan yi maka alkawarin za ta yi kyau ba. Na bar gudumar a zaure, bayan ƙofa, wuƙar tana kusa da ita.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna Masassaƙi